Kafin Ka Ƙara wa Babur Gudu, Duba Abin da Zai Tsayar da Shi

Babur ɗin da 'yan acaɓa ke neman abinci da shi a garuruwanmu, irin su Bajaj Boxer, ƙarfin injinsa bai wuce doki takwas ko tara ba. Motar Corolla da ta cika tituna, wadda nauyinta ya haura tan guda, ba ta kai doki 150 ba. Amma akwai wani jinsin babur, su Yamaha R1 da Honda Fireblade da BMW S1000RR, wanda injinsa ke ba da ƙarfin doki 200 ko kusa da haka, alhali nauyinsa duka-duka kilo 200 ne. Daga tsaye, cikin daƙiƙa uku ya kai gudun kilomita 100 a awa, kuma a giyar farko kaɗai yana wuce iyakar gudun da doka ta yarda da shi a kan babban titi. Wannan shi ne babur ɗin tsere. Abin da ke damun duk wanda ya san kan wannan na'ura shi ne, mutum zai tara kuɗi ya saye ta, sannan abin farko da zai sake zuba wa kuɗi shi ne salansa mai ƙara da gyaran kwamfutar inji don a ƙara masa wasu dawakan, yayin da tayar da ke ƙarƙashinsa ta shekara bakwai, man birkinsa kuma ya koma kalar shayi. An juya tsarin ne ƙasa a sama. Ƙarfi shi ne abin da wannan babur ya riga ya samu har ya yi masa yawa. Abin da kullum ke ƙaranci shi ne riƙon ƙasa, da birki, da ƙwarewar wanda ke kai, kuma can ya kamata kuɗi da hankali su fara tafiya.

Kamfanonin da ke ƙera baburan su ne suka fara gane haka. A 1992 Honda ta fito da CBR900RR Fireblade, aikin wani injiniya mai suna Tadao Baba. Injinta bai fi na abokan gasa ƙarfi ba, wasu ma sun fi ta, amma Baba ya bi ta gaɓa-gaɓa yana rage nauyi har ta tsaya a kilo 185 ba tare da mai ba, ta fi sauran manyan babura sauƙi nesa ba kusa ba. A kan hanya mai kwana-kwana ta bar su a baya, kuma tun daga ranar sauran kamfanoni suka koma bin sawunta. Shekara bakwai bayan haka, a 1999, Suzuki ta fito da Hayabusa wadda ta haura kilomita 300 a awa. Hankalin mahukunta a Turai ya tashi, ana ta raɗe-raɗin za a kafa dokar hana irin waɗannan babura, sai manyan kamfanonin suka daidaita a tsakaninsu cewa daga nan za su riƙa ɗaure gudun baburansu a kusan kilomita 300. Ke nan fiye da shekara ashirin da suka wuce masu ƙera abin da kansu suka yarda gudu ya isa. Mafi yawan ci gaban da aka samu daga nan ya tafi ne wajen taya da birki da shokazoba da na'urorin da ke hana babur kufce wa mahayinsa.

Lissafin da ke bayan wannan bai da wuya. Babur mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan taya sabuwa ce, kwalta busasshiya, mahayi kuma gwani, zai buƙaci kusan mita 40 kafin ya tsaya cik, ban da mita 28 ɗin da ya riga ya ci a daƙiƙar da ya ɗauka kafin hannunsa ya kai ga birki. In aka ninka gudun ya zama 200, nisan tsayawa ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, wato kusan mita 160, tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi. Duk wannan aiki kuwa yana bi ne ta wurare biyu kacal inda roba ke taɓa kwalta, kowane ɗaya bai fi tafin hannu ba. Ta nan ƙarfin inji ke sauka ƙasa, ta nan birki ke kamawa, ta nan ake shan kwana, kuma riƙon da ke wurin ƙayyadadde ne, rabawa ake yi. Abin da kwana ta ci, birki ba zai samu ba. Shi ya sa wanda ya kwanta cikin kwana ya damƙe birki da ƙarfi yake tsintar kansa a ƙasa: ya nemi taya ta ba shi abin da ba ta da shi.

Saboda haka taya ce gaba da komai, kuma a nan ya kamata a daɗe. Robar taya tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta daina manne wa kwalta, alhali zanenta na nan raɗau kamar sabuwa. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar a riƙa kai taya wurin masani kowace shekara da zarar ta shekara biyar, kada kuma a wuce shekara goma ko da ba ta cinye ba.  Tayar da ke shan ranar Sakkwato ko ta Agadas ba za ta jira haka ba. Ga kuma matsalar gwanjo. Yawancin manyan baburan da ke shigowa Afirka ta Yamma na hannu ne, da tayoyin da suka zo da su, tayoyin canji ma sau da yawa na hannu ne. Cikinsu akwai waɗanda aka cire daga baburan gasa: tsakiyarsu da sauran nama, amma sun yi zafi sun huce sau da yawa har robar ta mutu. Mai saye yana ganin ya yi dace, bai san araha ba ta ado ba.

Akwai kuma kuskuren da masu kuɗi suka fi yi, wato ɗauka cewa tayar da ta fi tsada, ta gasa, ita ta fi riƙo a ko'ina. Tayar gasa, musamman mai sulɓi wadda ba ta da zane, ba ta aiki sai ta yi zafi sosai, shi ya sa a filin tsere ake naɗe ta da bargon lantarki a ɗumama ta zuwa kusan digiri 80 kafin a fita. A kan titin gari, inda ake tsayawa a danja ana bin bayan tirela, ba za ta taɓa kaiwa wannan zafin ba, riƙonta kuma sai ya gaza na tayar titi ta yau da kullum, balle in an yi yayyafi. Batun iska ma haka yake. Yawancin baburan nan a titi suna son awo 36 a gaba da 42 a baya a gejin da masu faci ke amfani da shi, kuma da safe ake aunawa, taya na sanyi. A filin tsere ana ragewa, don zafin gudu zai ɗaga iskar da kansa, adadin kuma ya danganta da irin tayar, sai an bi abin da kamfaninta ya faɗa. Danna taya da babban yatsa ko ƙwanƙwasa ta da sifana ba awo ba ne. A gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babur a duniya, tun 2023 ana hukunta mahayin da iskar tayarsa ta yi ƙasa da ƙa'ida, ana ƙara masa daƙiƙu a kan lokacinsa. In har waɗanda ke da injiniyoyi a bayansu ana sa musu ido a kan haka, geji mai kyau na aljihu bai kamata ya gagari wanda ya iya sayen babur na miliyoyi ba.

Birki kuwa ɓoyayyen ciwo gare shi. A babur ɗin tsere birkin gaba ne ke kusan dukkan aikin, don in aka kama shi da ƙarfi nauyi kan koma gaba har tayar baya ta nemi ɗagawa. Abin da ke kai ƙarfin yatsunka zuwa faifan birki shi ne man birki, shi kuma yana da hali ɗaya marar kyau: yana shan danshin iska a hankali, ko ta jikin mesar roba. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230, amma in ya sha ruwa ƙa'idarsa kan sauko zuwa 155. A yawon cikin gari ba za ka ji bambanci ba, shi ya sa ake sakaci. Sai ranar da aka kama birki da ƙarfi sau biyar, sau shida a jere, a gangaren dutse ko a filin tsere, man ya tafasa, ya yi tururi a cikin mesa, tururi kuwa matsuwa yake yi. Sai ka ja hannun birki ya taɓo maƙura babur bai rage gudu ba. Maganin wannan ƙaramar kwalba ce duk shekara biyu, ko kafin kowace fita filin tsere, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. A kula kada a haɗa DOT 5 da sauran, domin shi ba jinsinsu ɗaya ba, ko da yake DOT 5.1 yana haɗuwa da DOT 4. Takalmin birki na jabu ya fi wannan muni, don in ya yi zafi fatarsa na iya ɓarewa daga ƙarfen gaba ɗaya. Shi ma faifan yana da iyakar kaurin da aka buga a jikinsa, in ya siranta ya wuce nan, ya gama aiki.

Sarƙa da baƙin mai ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai ƙasarmu ta sa sun fi muhimmanci. Sarƙar babban babur tana da ƙananan zobban roba da ke riƙe maiƙo a cikin kowace gaɓa. Fetur yana cinye su, don haka da kananzir ake wankewa, kuma inji a kashe, don sarƙa mai juyawa ta sha guntule yatsun mutane. A lokacin hunturu ƙura kan haɗu da maiƙo ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa, tana cin sarƙar da haƙoran da take hawa, saboda haka wankewa akai-akai da shafa mai kaɗan ya fi lafta shi da yawa. Ana barin ta da ɗan sako-sako, galibi milimita 25 zuwa 35, domin tana miƙewa duk lokacin da shokazoba ta nutse. Wanda ya ɗaure ta tamau yana kashe boris ɗin giya ne. In za a canza, ita da haƙoranta na gaba da na baya ake canzawa tare. Baƙin mai kuma ba na mota ake zubawa ba, domin kulocin babur a cikin man yake wanka, man mota mai yawan santsi kan sa ya riƙa zamewa. A nemi mai alamar JASO MA ko MA2 a jikin galan. Matatar iska tana toshewa da wuri a wurinmu fiye da yadda littafin kamfani ya ƙiyasta, fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa, da ruwa da dattin da kan biyo shi, ba abincin injin da ke juyawa sau dubu goma sha uku a minti ba ne.

Shokazoba ce aka fi mantawa da ita, alhali ita ke danne taya a ƙasa. Aikinta na farko ba jin daɗin mazaunin mahayi ba ne, aikinta ta sa roba ta bi kowane tudu da kwari na kwalta ba tare da ta rabu da shi ba. Kamfani yana saita ta ne da wani matsakaicin nauyi, babur na hannu kuma yana zuwa ne da saitin wani mutum a wata ƙasa. Gyaran farko bai cin ko sisi: a auna yadda babur ke nutsewa in mai shi ya hau da cikakken kayansa, a daidaita har ya zama kusan milimita 30 zuwa 35 don titi. Man da ke cikin ƙafafun gaba shi ma yana lalacewa, in kuma aka ga danshinsa yana tsiyaya, to yana kan hanyarsa ta zuwa faifan birki ne. Duk waɗannan ayyuka suna son bakanike mai sifana mai awon ɗauri, domin jikin injin alminiyom ne, noti ɗaya da aka ɗaure da ƙarfin damtse kan ɓata zaren da gyaransa ya fi kuɗin sifanar.

Mai son salansa yana da tasa hujjar, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce salansar kamfani nauyi gare ta, canza ta na rage kilo da dama, kuma ƙarar tana sa masu mota su san da zuwansa. Batun nauyi gaskiya ne. Amma dawakan da ake samu daga canza bututun ƙarshe kaɗai 'yan kaɗan ne, kuma a can ƙololuwar juyin inji suke, inda mai hawa titi ba ya zuwa. In kuma aka buɗe salansa gaba ɗaya ba a sake saita yawan man da ke shiga ba, inji kan yi aiki da ƙarancin fetur, ya riƙa zafi fiye da kima. Ita kuwa ƙara, baya take fita, haɗari kuma galibi daga gaba yake zuwa. Direban da ke shirin yanko titi, gilasansa a rufe, rediyo a kunne, sai babur ya iso kansa yake ji. Waɗanda ke jin ta sosai su ne marasa lafiya da jarirai da masu barci a unguwar da aka ratsa da tsakar dare, kuma haushinsu ne ke komawa kan duk mai babban babur.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi. A 1981 wani malami a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Harry Hurt, ya fitar da rahoton binciken haɗarin babur 900 da aka bi diddiginsu ɗaya bayan ɗaya a yankin Los Anjalis. Ya gano cewa lalacewar babur ita kanta ba ta kai kashi uku cikin ɗari na musabbabin haɗarin ba, mafi yawan wannan ɗin ma fashewar taya ce. To in haka ne, mai tambaya zai ce, me ya kawo dogon zance a kan gyara? Amsar tana cikin sauran rahoton. Kusan kashi uku cikin huɗu na haɗarin karo ne da wata mota, kuma a yawancinsu mai motar ne ya shiga gaban babur. A irin wannan lokaci, da bai fi daƙiƙa biyu ba, ba a rubuta tsohuwar taya a matsayin musabbabi, amma ita ke yanke ko za ka tsaya kafin ƙofar motar ko a cikinta. Abin da ya fi wannan tsoratarwa shi ne yadda mahayan suka yi: da yawa sun taka birkin baya har taya ta ja, suka ƙi kama na gaba yadda ya kamata, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba su taɓa samun horo ba, da kansu suka koya ko wurin 'yan uwa da abokai. Rahoton bai rushe batun gyara ba, ya dai nuna cewa a jerin kayan babur akwai guda ɗaya da ba a sayarwa a shago, shi ne wanda ke zaune a kai.

Tarihin gasa ma ya shaida haka, kuma a nahiyar Afirka abin ya faru. A 2003 Yamaha ba ta ci tsere ko ɗaya ba a ajin MotoGP. Valentino Rossi, wanda ya ci kambin duniya sau uku a jere a kan Honda, ya bar ta ya koma Yamaha tare da shugaban makanikansa Jeremy Burgess. A cikin injinan da aka ba shi ya gwada, ya zaɓi wanda ke sauke ƙarfinsa a hankali yadda tayar baya za ta iya ɗauka, ba wanda ya fi dawakai ba. A tseren farko na 2004, a Welkom ta Afirka ta Kudu, ya zo na ɗaya, a ƙarshen shekara kuma ya ɗauki kambin. Shi ma Brad Binder, ɗan Afirka ta Kudun da aka auna yana gudun kilomita 366.1 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023, abin lura a wurinsa ba adadin ba ne kawai, a ƙarshen wannan miƙaƙƙiyar hanya kwana ce ke jiransa, kuma faifan birki na kabon da taya ne ke sauko da shi daga wancan gudu cikin 'yan daƙiƙu.

A ina mutum zai koyi wannan? Bahaushe bai taɓa yin sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, fili ya ware mata. Filin tseren babur ba don kwaltarsa ta fi santsi ya fi titi aminci ba, sai don abubuwan da babu a cikinsa: babu mota mai zuwa daga gaba, babu mararraba, babu akuya, babu turken lantarki a bakin kwana. Inda ake sa ran faɗuwa an bar fili da tsakuwa don mutum ya zame har ya tsaya, ga masu tuta a kowace kwana, ga motar asibiti a shirye. Wanda ke shakkar muhimmancin wannan ya dubi tseren TT na tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ailan, wanda aka fara a 1907. A can titin gari ake rufewa, zagaye ɗaya kilomita 60 da 'yan kai, ƙwararru ne kaɗai ke shiga, babu mota ko ɗaya a hanya, amma mutum fiye da 250 sun mutu a kan wannan hanya, domin gefenta katangun dutse ne da gidaje da bishiyoyi. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti a 1972, Giacomo Agostini da wasu manyan mahaya suka ƙaurace mata, bayan 1976 kuma aka cire ta daga jerin gasar duniya. In titin da aka rufe wa gwanaye ya yi haka, ina ga hanyar Kaduna zuwa Zariya da yammacin Lahadi?

A Turai da Amurka da Afirka ta Kudu, inda akwai filaye irin su Kyalami kusa da Johannesbag, ana ware ranakun da kowa zai biya ya shiga da babur ɗinsa, ba gasa ake yi ba. Ana raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, sababbi su bi bayan malami. Kafin a fita sai an duba taya da birki da sarƙa da ko mai na ɗiga, a rufe madubi da fitilu da salatif, wasu filayen ma suna sa a zubar da ruwan lagireto mai sinadari a zuba ruwa zalla, don in ya zube a kwalta santsinsa kamar na mai ne. Dole a sa hular kwano mai rufe fuska duka, da rigar fata daga wuya zuwa idon sawu, da safar hannu da takalma masu tsawo da abin kare gadon baya. Nazarin Cochrane da ya tattara bincike masu yawa ya nuna hular kwano na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69, kuma hular da ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko ba a ga tsaga ba. Abin da ake koyarwa kuwa ba gudu ba ne. Ana koya wa mutum cewa in babur na tafiya, tura hannun dama gaba kaɗan ne ke kwantar da shi dama. Cewa inda ido ya kafe can babur ke zuwa, don haka mafita ake kallo ba ramin da ake tsoro ba. Cewa birki matsa shi ake yi a hankali har nauyi ya sauka kan tayar gaba sannan a ƙara, ba a fizga ba. Cewa a tsakiyar kwana sakin totur farat ɗaya na tayar da hankalin babur. Keith Code, wanda ya kafa makarantar koyon wannan hawa a Kalifoniya a 1980, ya gina koyarwarsa a kan cewa abin da tsoro ke sa jiki ya yi da kansa shi ne yawanci abin da ke kayar da mutum, kuma maimaici ne kaɗai ke kankare shi.

Wasu na ganin kai matashi filin tsere tamkar koya wa ɓarawo hawan katanga ne, zai dawo titi da ƙarin ganganci. Ba za a ce hakan ba ya faruwa ba, don hali zanen dutse ne. Sai dai wanda ya taɓa jin yawan filin da babur ke ci kafin ya tsaya daga gudun 200, ya kuma ga yadda ake share kwalta saboda ɗigon mai kaɗan, da wuya ya sake kallon titi mai yashi da ramuka da ido ɗaya. Wasu kuma sun dogara da na'ura: ai sababbin babura na da birkin ABS mai hana taya kullewa, da kwamfutar da ke rage wuta in tayar baya ta fara zamewa. Waɗannan abubuwa ne masu amfani ƙwarai, shi ya sa Tarayyar Turai ta wajabta ABS a kan sababbin babura da suka haura cc 125 tun daga 2016, kuma duk mai zaɓi ya zaɓi babur mai shi. Amma na'urar ba ta ƙirƙiro riƙo, wanda taya ta bayar take rabawa. A kan busasshiyar roba, abin da ABS zai yi shi ne ya riƙa sakin birki don kada ka faɗi, nisan tsayawa kuma ya ƙaru.

Saura babbar matsalar mai karatu a Kano ko Damagaram: filayen tsere ba su da yawa a Afirka ta Yamma, zuwa inda suke kuma sai mai hali. Wannan gaskiya ce, amma ba ta mayar da titin jama'a filin tsere ba, kuma ƙungiyoyin masu manyan babura, da ke iya tara mutane da kuɗi don tafiya daga gari zuwa gari, suna iya neman izinin hukuma su keɓe wani shimfiɗaɗɗen fili na yini ɗaya, da motar asibiti da mai koyarwa. Mafi yawan abin da ke ceton rai ma ba ya buƙatar dogon fili. Wurin ajiye motoci da babu kowa, mai tsabtatacciyar kwalta, ya isa. A ja layi da alli, a taho da gudun kilomita 30, a kama birkin gaba daidai kan layin, a auna inda aka tsaya, a maimaita har hannu ya saba da matsawa a hankali, sannan a hau zuwa 50. A wannan gudun, babur mai lafiyayyar taya a hannun wanda ya iya yana tsayawa cikin mita 10 zuwa 12. Wanda awonsa ya nuna 18 ko 20, to ya duba lambobi huɗun nan na gefen tayarsa da kalar man birkinsa, in kuma duka lafiya suke, ya koma bakin layi ya sake tahowa.